Ku Tambayi Malam: In sayar da filina in kai yaro karatu waje?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Marwa, a arewacin Kamaru. Ɗana na fari, mai shekara 19, ya ci bak, wato jarrabawar gama sakandare, bana da maki 14 cikin 20, kuma ba shi da magana sai ta zuwa ƙasar waje ya karanci aikin injiniyan lantarki. Wani mai ofis ya ce in kawo sefa miliyan ɗaya da rabi, zai samo masa makaranta a Turai har da biza, wai in yaro ya je zai riƙa aiki yana biya wa kansa. Ina da fili guda da aka taya miliyan shida. Uwarsa ta ce a sayar, yayana ya ce kada in kuskura. Ni ban yi boko ba. Don Allah ka fitar da ni daga duhu. *Wani uba, daga Marwa.*

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya yi wa yaron nan albarka. Shekara ashirin da biyu ke nan ina koyar da lissafi a lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa, na san irin gumin da ake zubarwa kafin a sami 14 a bak. Ka yi masa barka a madadina.

Ina bayan yayanka. Kada ka sayar da filin yanzu, kuma kada ka ba mai ofishin nan ko dala. Amma ba zan bar ka da "kada" tsirara ba, domin ita ma uwarsa tana da gaskiyarta: yaro irin wannan bai kamata a danne masa buri ba. Ka kira shi ya zauna kusa da kai da takarda da biro, ya karanta maka wannan shafi, ku yi lissafin tare kamar yadda kake yi kafin ka ɗora buhu a mota zuwa Duwala.

Mu fara da Faransa, tunda can idon yawancin yaranmu yake. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, bai motsa ba tun 1999, saboda haka lissafin ba ya ruɗi. Shekaru da dama ke nan ofishin jakadanci yana neman shaidar yuro 615 a kowane wata kafin ya ba ɗalibi biza. A shekara ya kama yuro 7,380, wato kimanin sefa miliyan 4 da dubu 840. Wannan kuɗin ci da kwana ne kawai, kuma mafi ƙanƙanta ne, a Faris kuɗin ɗaki kaɗai yana iya cinye shi. Sai kuɗin makaranta. Tun 2019 aka sa wa ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba yuro 2,770 a shekara a matakin lisans, wato digirin farko, wajen sefa miliyan 1 da dubu 800, kuma ana ɗan ƙara shi lokaci zuwa lokaci. Akwai jami'o'in da ke yafe mafi yawansa, amma ba a ɗaura aure da alkawarin yafiya, sai an gan ta a rubuce. Haɗa biyun, ka ninka sau uku: kusan miliyan 20 ke nan kafin ya riƙe lisans, alhali karatun injiniya a can shekara biyar ne. Ban sa tikitin jirgi ba, ban sa fasfo na sefa 110,000 ba, ban sa kuɗin mota zuwa Ngaundare da jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde don ganawa ba, ban sa rigar sanyi ba.

Jamus kuwa yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, shi ya sa 'yan Kamaru suka yi yawa a can. Sai dai kafin biza ana so a kulle yuro 11,904 a wani asusu na musamman, kusan sefa miliyan 7 da dubu 800, a riƙa sakar wa yaro yuro 992 a wata. Kuma sai ya iya Jamusanci har ya ci jarrabawarsa, abin da ke cin wajen shekara guda da nasa kuɗin. Waɗannan adadi suna hawa, don haka yaro ya duba na wannan shekarar a shafin ofishin jakadancin da kansa.

To Alhaji, ka ga inda miliyan shida ta tsaya. In an cire rabon mai ofis, abin da ya rage bai kai yaron ƙarshen shekarar farko ba.

Maganar "zai yi aiki ya biya wa kansa" ita ce ta fi ci mini rai, domin da ita ake yi wa iyaye romon baka. Gaskiya ne dokar Faransa ta yarda ɗalibi ya yi aiki, amma awa 964 ne a shekara, wajen awa ashirin a mako. Yana rage zafi, ba ya ɗaukar nauyi duka. Yaron da ya kwana yana wanke kwanuka a gidan abinci, ya tashi da asuba cikin sanyin da bai taɓa sani ba, ya shiga ajin lissafi da ƙarfe takwas, shi ne yake faɗuwa jarrabawa. In ya yi ta faɗuwa, sabunta takardar zama ta zama wahala.

Abin da nake faɗa na gan shi a cikin gidanmu. Ɗan ƙanina ya ci bak, wani dillali ya kawo musu takardar ɗauka mai hatimi ja daga wata jami'a mai zaman kanta a Arewacin Saifurus, an rubuta cewa an yafe masa rabin kuɗin makaranta. Ƙanina ya kora shanu tara kasuwar Adumri. Na tuna daren tafiyar, uwar yaron tana zaune bakin murhu tana ɗaure masa kilishi da yaji da dakakkiyar kuka a leda, tana kuka tana dariya. Ba wanda ya gaya musu cewa "rabin" nan kusan kowa ake ba, cewa sauran rabin da yuro ake biya, cewa kuɗin ɗaki daban, cewa aikin da aka yi masa alkawari babu shi. Ba wanda ya gaya musu cewa yankin nan ƙasar Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, su a zatonsu yaro ya shiga Turai. Wata goma sha huɗu ya yi. Da kuɗi ya ƙare makarantar ta rufe masa rajista, ta riƙe sakamakonsa. Mu muka yi karo-karo muka saya masa tikitin dawowa. Ya sauka da akwatin da ya tafi da shi, ya yi wata biyu ba ya fita ko masallacin unguwa sai da duhu, don kunya. Ni ma ina da laifi, an nuna mini takardar, na ga hatimi na yi shiru don kada a ce baƙin ciki nake yi. Shi ya sa yau ba na shiru.

Ka lura da wannan: ba mahalukin da yake da biza a aljihu sai ofishin jakadanci. Duk wanda ya ce maka "biza tabbas" cinikin biri a sama yake so ka yi. Kuma abin da zai yi da miliyan ɗaya da rabi, yaronka mai 14 zai iya yinsa da wayarsa. Na Faransa ta hanyar Campus France, hukumar gwamnatinsu mai kula da ɗaliban waje, ake bi, a shafinsu na Études en France. Ana buɗewa a watan Oktoba, masu neman shekarar farko ta jami'a kuma ana rufe musu a tsakiyar Disamba. Yaro zai loda takardar bak, da sakamakon probatuwar (jarrabawar da ake yi shekara guda kafin bak), da makin ajujuwansa na ƙarshe, ya rubuta dalilin da ya sa yake son wannan karatu, ya biya kuɗin dosiye, wato na duba takardunsa, a inda suka nuna a karɓi rasit, sannan a kira shi ganawa. A ganawar nan ake gane wanda dillali ya cika wa takarda, domin za a tambaye shi me ya sa ya zaɓi wannan gari da wannan fanni, ya tsaya yana raba ido. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Wannan kalanda tana nuna maka wani abu kuma. Ko da kuɗin a hannu, wanda ya fara nema a Oktoban bana sai Satumban baɗi zai shiga aji. Ashe shekarar nan a gida zai yi ta ko ana so ko ba a so. Kada ta tafi a banza a bakin shagon caji.

Ga abin da zan yi da ɗana ne. Da farko ya shiga makaranta a nan. A garinku akwai Jami'ar Marwa tun 2008, kuma a cikinta akwai babbar makarantar injiniyoyi, Politeknik, da ake shiga ta konkur, wato jarrabawar gasar shiga. Ngaundare ma tana da makarantun fasaha da suka daɗe, ga ta Garwa da aka kafa a 2022. Kuɗin rajista a tsangayoyin jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara. In konkur ɗin bana ya wuce shi, ya yi rajista a tsangayar kimiyya, ya karanci fizik ko lissafi, yana cin tuwon uwarsa.

Yana cikin haka sai ya nemi burs, wato tallafin da ake ɗauke wa ɗalibi komai. Wanda na fi tura ɗalibaina gare shi shi ne na gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları. Ana buɗe shi daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, ta intanet, kyauta, ba a biyan ko sisi. Wanda ya dace ana biya masa makaranta, da wurin kwana, da inshorar lafiya, da tikitin zuwa da na dawowa bayan kammalawa, da ɗan kuɗin kashewa duk wata, a kuma koya masa Turkanci shekara guda kafin ya fara. Sharaɗin matakin farko shi ne kada ya kai shekara 21, kuma makinsa ya kai kashi 70 cikin ɗari, ban da likitanci da ake neman 90. Yaronka yana bakin layi daidai. Ba zan ɓoye maka ba, masu nema daga duniya suna da yawa ƙwarai, waɗanda ake ɗauka kaɗan ne, saboda haka ya zauna ya rubuta wasiƙarsa da kansa, ya faɗi abin da ya sani: yadda wuta ke ɗaukewa a Marwa a watan Afrilu, yadda ruwan dam ɗin Lagdo in ya ja baya duk arewa ke shiga duhu, da abin da yake so ya koyo a kan wutar hasken rana. Wasiƙar da aka kwafo daga intanet, masu tantancewa sun karanta irinta dubu.

Ya kuma riƙa leƙa sanarwar ma'aikatar ilimi mai zurfi, domin ta nan ake shelar guraben da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke ba Kamaru. Nan kam a yi hattara, wasu guraben karatu ne kyauta da ɗan abin kashewa da ba ya isa, sai an riƙa aika masa daga gida. A tambayi waɗanda suka je kafin a sa hannu.

In burs ta fito, alhamdu lillahi, tanadin da za ka yi na fasfo da fassarar takardu da guzuri ne, ribar kaka ɗaya ta albasa ta ishe shi. In ba ta fito ba, ya gama lisans a nan da maki mai kyau, ya nemi mastar, wato digiri na biyu, a waje. Shekara biyu ce maimakon biyar, tallafi ya fi yawa a wannan mataki, shi kuma ya ƙara hankali. A ranar, in ka ga dama ka sayar da filin, don ka san zai kai shi gaci. Kuma duk kuɗin da za ka biya wata makaranta, ta banki za ka tura shi zuwa asusun da ke ɗauke da sunan makarantar, da takardar ɗauka da ta kuɗi a hannunka. Ba a tura kuɗin makaranta zuwa lambar wayar mutum.

Ka gai da Hajiya, ka gaya mata ba hana shi tafiya na yi ba.

Tambaya: Malam ina wuni. Ni budurwa ce daga Kusiri, na ci bak na Faransanci. Gwaggona tana aure a Yola, ta ce in zo in yi jami'a a wurinta. Zai yiwu? *'Yarka, daga Kusiri.*

Amsa: Lafiya lau 'yata. Zai yiwu, kuma samun gidan gwaggo ya ɗauke miki rabin nauyi. A Yola akwai Jami'ar Modibbo Adama ta gwamnatin tarayya. Shiga jami'a a Najeriya ta hannun hukumar JAMB ake yi, kuma za a so a fassara takardunki zuwa Ingilishi a tantance su. Ki roƙi mijin gwaggonki ya je ofishin ɗaukar ɗalibai da kwafin bak ɗinki, ya tambayo a rubuce matakin da za a sa ki da kuɗin ɗalibin waje, domin ya fi na 'yan ƙasa. Kada ki yarda wani ya ce zai yi miki takardar zama 'yar wata ƙaramar hukuma don a rage kuɗi, ranar da asiri ya tonu digirin ne zai tafi.

Abu biyu ki sa a ranki. Hausa za ta kai ki kasuwar Jimeta ta dawo da ke, amma a aji Ingilishi ne zalla, ki fara koyonsa daga yau. Sannan yajin aikin malaman jami'a yakan ja karatu, na 2022 wata takwas ya yi. In kin gama kina son aikin gwamnati a gida, sai kin kai digirin Yawunde an yi masa ekibalans, wato shaidar cewa daidai yake da na gida, a ma'aikatar ilimi mai zurfi, saboda haka ki adana sakamakon kowane zango da rasit ɗinsa a jaka ɗaya tun daga shekarar farko.