Termodinamik ko kiristalografi: wanne za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka gama lisans ɗin fizik a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kana son mastar kan kimiyyar ƙarafa da makamantansu, amma ka rasa wanne za ka fara zurfafawa: termodinamik (ilimin zafi da makamashi) ko kiristalografi (ilimin yadda zarra ke jeruwa a cikin abu).

Ni dai termodinamik zan ce. Ita ke faɗa maka wane tsari abu zai ɗauka a wane zafi. Dubi tsantsar ƙarfe: a digiri 912 na Selsiyus jerin zarrarsa ke canzawa, sabon jerin kuma ya fi shan karbon. Maƙerin da ke gasa wuƙa ta yi jawur ya tsoma ta a ruwa, da wannan yake wasa. Zauna da taswirar ƙarfe da karbon, mai nuna tsarin ƙarfe a kowane zafi da yawan karbon, har ka zana ta da ka, musamman ɗigon digiri 727, inda sabon jerin nan ke rabuwa gida biyu in ƙarfen na hucewa a hankali.

Daga nan sai kiristalografi: tsarukan Bravais 14, wato ainihin salon jerin zarra a kiristal, da dokar Bragg, mai gano tazarar layukan zarra da hasken X. Kuskuren da ni ma na taɓa yi: garin abin da nake aunawa bai niƙu sosai ba, na zuba sakamakon hasken X a kwamfuta, na gaskata abin da ta fitar. Sati biyu suka tafi a banza.

Gyaran irin wannan sai malami mai labo a gefenka. Duba kuma kwasa-kwasan ICTP, cibiyar fizik ta ƙasa da ƙasa da ke Trieste, a Italiya.