Kafin ka fara dukan tsirkiya irin na Marcus Miller

Malam, ka ce kana son ka zama makaɗin jitar bes kamar Marcus Miller, shin ka fara da koyon dukan tsirkiya da babban yatsa? A'a, fara da riƙe lokaci da karanta rubutun kiɗa. Shi kansa, wanda aka haifa a Brooklyn a 1959, da bushe-bushe ya soma, ya koyi kilarinet a makaranta. Ƙwarewarsa a karatun nan na cikin abin da ya buɗe masa ƙofar situdiyoyin New York, har Miles Davis, fitaccen mai busa a kiɗan jaz, ya ɗauke shi. Kusan duk kiɗan faifan Davis mai suna Tutu na 1986 shi ya tsara.

Dukan ma ai ganga yake kwaikwayo. Makaɗin bes Larry Graham ya ƙirƙiro shi ne yana kiɗa da mahaifiyarsa babu mai ganga: babban yatsa ya zama babbar ganga, manuniya ta fizgo tsirkiya a madadin ƙaramar. Ni na yi wata shida ina duka har yatsana ya yi kanta, amma ranar farko da na zauna da mai ganga, sau uku yana tsayawa don na riga shi.