Ka gwada da dankali da gishiri kafin ka koma hadda

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka ce ka haddace ma'anar osmosis, wato yadda ruwa ke ratsa tantanin ƙwayar halitta, tsaf, amma da an juya tambayar a jarrabawa sai kanka ya kulle. Na daɗe ina koyar da bayoloji a sakandare, kuma babu ajin da ban ga wannan matsalar ba. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne dankalin Turawa.

Samo babba guda ɗaya, ka fere, ka yanka shi dogaye gida uku, tsayi da kauri ɗaya, ka auna da rula ka rubuta. Kofi na farko zuba ruwa zalla, na biyu gishiri ɗan kaɗan, na uku gishiri cokali uku. Saka yanka ɗaya a kowane kofi, ka bar su daga azahar zuwa magariba. Na ruwa zalla za ka same shi ya yi ƙyam, in ka lanƙwasa ya karye. Na kofi na uku kuwa ya yi laushi, ya ɗan rage tsayi, yana lanƙwasuwa kamar roba.

Dalili shi ne kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da siririn tantani da ruwa ke ratsawa cikin sauƙi, gishiri kuwa ba ya wucewa haka nan. Sai ruwan ya riƙa tafiya ɓangaren da abin da ya narke ya fi yawa. Shi ne abin da kake gani idan an barbaɗa gishiri a yankakken tumatir ya fara tsatso ruwa.

Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne bambancin tsiro da dabba. Ƙwayar tsiro tana da bango mai tauri a bayan tantanin, don haka ta sha ruwa ta cika ba ta fashe ba. Wannan bangon ma shi masanin kimiyya Robert Hooke ya hango a ɓawon itace a 1665. Jar ƙwayar jini ba ta da bango, in ta shiga ruwa zalla kumbura take yi har ta fashe. Shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa mara lafiya a asibiti yake ɗauke da giram 9 na gishiri a lita ɗaya, don ya yi daidai da jini kada ƙwayoyin su fashe. 

Wata shekara wani rukunin ɗalibaina suka samu sakamako a birkice. Da na bincika, ashe dankali biyu suka yanka, ɗaya ya riga ya yanƙwane, kuma sun bar kofi ɗaya a taga cikin rana. Suka so su kwafe abin da littafi ya ce. Na hana, raina ma ya ɓaci, domin abin da rula ta nuna shi ake rubutawa. Muka sake washegari da dankali ɗaya, kofuna iri ɗaya, wuri ɗaya, gishirin kaɗai muka sauya. Duk tambayar da za a yi maka kan tsarin binciken kimiyya, daga nan take fitowa.

Don Allah ka gwada yau, gobe ka turo mana awon da ka samu mu duba tare. Allah Ya ba da sa'a.