Jan wutsiyar aku

Ka shigo mini da kofi cike da ruwan furen da ka matse, kana ta washe baki, wai "Maigida, dubi wannan jan, ya fi na cikin kwanonka haske, in yi wutsiyar akun nan da shi?" To ajiye burushin ka zauna, ɗana. Jan nan naka kyan ɗan maciji ne, kuma ni ya taɓa sarana.

Lokacin ban kai shekarun da nake yanzu ba, amma hannuna ya riga ya nuna, har an fara kiran sunana in ana maganar zanen tsuntsaye da fentin ruwa. Wani mai hali ya gina katafaren falo, ya aiko a kira ni, ya ce yana son tsuntsaye goma sha biyu, kowanne a firam ɗinsa. Muka yi magana, ya ba da rabin kuɗi, ragowar sai an kawo aiki. Wata huɗu na yi a kan aikin nan. Kullum kafin rana ta fito ina bakin ruwa da ɗan littafina, ina kallon yadda gauraka ke ɗaga ƙafa kamar mai tsoron taka ƙaya, da yadda balbela ke naɗe wuya in za ta tashi. Duk launin da na sa ni na haɗa garinsa da hannuna, ban da guda ɗaya.

Ja ne ya ƙare mini ana tsakiyar aiki. Sai ga wani mai yawo da garin launi ya kwance ƙulli a gabana, ya rantse cewa wannan jan na asali ne, na mada, wani tsiro mai jar saiwa, wanda masu zane suka daɗe suna amfani da shi. Wallahi ban taɓa ganin ja mai daɗin ido irinsa ba. Ga shi da araha, ga ni ina sauri. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya koya mini gwajin da ba ya cin minti biyar, amma na ga ai na wuce nan. Na niƙa, na zuba ƙaro, na hau aiki.

Da a wutsiyar aku kaɗai na sa shi, da da sauƙi. Na sa a kumatun gauraka, na sa a gefen bakin zabo. Mafi muni, na gauraya shi da sauran launuka: ɗan kaɗan a ƙirjin kurciya don ya yi ɗumi, ɗan kaɗan cikin shuɗi don inuwar da ke ƙarƙashin fiffiken balbela. Babu takarda ɗaya cikin sha biyun da jan nan bai taɓa ba.

Na kai aiki, mutumin ya yaba har da tafi. Ragowar kuɗi kuwa, yau ya yi tafiya, gobe yana da baƙi. Wata bakwai ina sintiri. Ranar da ya aiko da kansa a kira ni, na tafi da murna ina cewa yau za a sallame ni. Na tarar da falon cike da mutane. Ya kama hannuna ya kai ni gaban akun, wanda ya rataya daidai inda hasken taga ke sauka duk yamma, ko da yake na ja masa kunne a kan haka. Wutsiyar ta koma kalar ruwan wanki. Ƙirjin kurciya ya zama toka, inuwar balbela ta yi shuɗi fatau kamar an zuba mata bula. Ya juya wurin baƙinsa ya ce, "Ku ga aikin gwanin da ake ta kurantawa." Suka yi dariya. Na ce to a ba ni zanena in sake su kyauta. Ya hana. Bai biya ragowar ba, bai mayar da aikin ba, daga baya ma na ji ya rarraba su kyauta ga abokansa. Kuɗin na daɗe da yafewa. Abin da ke cina har yau shi ne sa hannuna yana ƙasan kowace takarda, tana rataye a gidajen da ban sani ba, duk wanda ya gani ya ɗauka iyakar iyawata ke nan.

Da na koma gida a daren na ɗebi garin nan a kan wuƙa na zuba a kofin gilashi mai ruwa. Nan take ruwan ya rine jajir, wani farin abu ya kwanta a ƙasa. Alli ne aka rina. Garin launi na gaskiya ba ya narkewa a ruwa. Yawo yake yi ya gaji ya kwanta, ya bar ruwan da ke sama garau. Shi ke nan gwajin da na raina. Mai ƙullin kuwa ko ƙurarsa ban sake gani ba.

Abin da ke cikin kofinka ɗan'uwan wancan ne, rini ne tsantsa. Raba shi biyu, ka ɗiga ruwan lemun tsami a ɗaya, ruwan toka a ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu ya juye ya yi shuɗi-shuɗi ko kore. Launin da ɗigo ɗaya ke sauya masa hali, me kake tsammani rana za ta yi masa? Na san za ka ce a kama shi da alif ya zama gari, don na ga kana ta kallon masu yin haka a waya. Zai zama gari, ba ƙarya, amma alif ba ya ba fure ƙarfin da ba a halicce shi da shi ba. Ba mu ƙanana kaɗai abin ya ci ba. Van Gogh, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holan, ya zana ɗakin kwanansa a 1888 da bango ruwan goda-goda, tsakanin ja da shuɗi. Yau bangon shuɗi ne, don jan da ke ciki ya gudu. Nasa ma fentin mai ne, mai kauri. Namu na ruwa da ake shimfiɗawa siriri, babu abin da ke kare shi.

Kowane sabon launi da ya shigo ɗakin nan, ko kai ka haɗa ko saye aka yi, ka shafa shi a ɗan tsirin takarda, daga mai kauri zuwa mai ruwa-ruwa, don na ruwa-ruwan ne ke fara mutuwa. Rufe rabi da kwali mai kauri, rubuta kwanan wata a baya, manna a jikin tagar da ta fi shan rana. Ka manta da shi wata uku, in da hali shida. In ka buɗe ka ga layi tsakanin inda aka rufe da inda ba a rufe ba, wannan launin na wasa ne, ka yi ta ɓata littafin koyo da shi. Na san wata uku ya yi muku tsawo, ku da kuke son ku fara koyo ranar Asabar a kira ku gwani ranar Litinin.

Jan da ba ya cin amana na ƙasa ne, don tsatsar ƙarfe ce ke ba shi launi, ita kuwa rana ba ta da abin da za ta yi mata. Ka dama jar ƙasa a ruwa mai yawa, ka jira yashi ya kwanta, ka tsiyaye ruwan da ke sama mai launi a wani kwano, abin da ya kwanta a can shi ne naka. Sau uku aƙalla. Ƙasa mai ruwan ɗorawa in ka gasa ta a wuta ja take komawa, ka samu launi biyu daga rami ɗaya. Sai dai ba zan yaudare ka ba, jar ƙasa ita kaɗai ba ta kai wutsiyar aku haske. Nan sai ka nemi garin kwinakiridon, wani ja mai haske da ƙarko da ake haɗawa a masana'anta, daga hannun da aka sani, ka niƙa da kanka. Shimfiɗa jar ƙasa siririya a gindin gashin, bari ta bushe ƙayau, sannan ka hau da mai hasken, kana bin yadda gashi ke kwanciya a kan ɗan'uwansa. Jan kadmiyom, wanda ake haɗawa da wani irin ƙarfe, shi ma yana da ƙarko, amma guba ne, kada in ga ka buɗe garinsa hanci a sake ko kana lasar bakin burushi.

Haɗin ƙaro ba sai na tsaya ba: kashi ɗaya ƙaro, kashi biyu ruwan ɗumi, a tace, ɗan zuma don fentin ya riƙa jiƙuwa da wuri, ɗigon man kanumfari saboda fumfuna. In ya bushe ka goga da yatsa ya bar gari, ƙaro ya yi kaɗan. In ya yi ƙyalli ya tsattsage a kwano, ya yi yawa. Jiƙa takarda da miƙe ta a allo kuwa, wanda bai san wannan ba bai kamata ya taka ƙofar nan ba.

Kuma akun da ka zana, na leƙa. Daga hoton waya ka kwafe shi, shi ya sa ya tsaya ƙiƙam kamar an cusa masa auduga. Ka cike idon da baƙi gaba ɗaya, ba ka bar ɗigon farar takarda ba, alhali mu farinmu takardar ce, in ka rufe ta ta tafi. Wannan maganar wata rana ce.

Kawo kofin nan. Yanko takarda tsiri biyu, ɗaya na furenka, ɗaya na jar ƙasata, mu manna su gefe da gefe. Kai za ka rubuta kwanan watan da hannunka.