Amsa ga Malamar da Ke Neman Littattafan Hikaya Don Ɗalibanta

Wa alaikumus salam, Malama. Na karanta tambayarki: ƙungiyar iyaye da malamai ta ba ki kuɗi ki sayo littattafan ƙagaggun labarai don ɗakin karatun makarantarku ta 'yan mata, shugabar makaranta kuma ta ce kada littafin soyayya ko ɗaya ya shigo. Na daɗe ina koyar da Hausa a sakandare, makullin ɗakin karatu ma ya jima a hannuna, to ga abin da na gani.

Kafin ki rubuta sunan littafi ko ɗaya, ki raba kuɗin gida biyu. Littafin da za ku karanta tare a aji daban, wanda yarinya za ta ara ta tafi da shi ɗakin kwana daban. Na aji yana bukatar kwafi da yawa, ko da ɗalibai uku ne za su haɗu a kan guda. Na aro kuwa kwafi ɗaya ko biyu ya isa, amma iri-iri.

Ga 'yan ƙaramar sakandare, har yau ban ga abin da ya kai Magana Jari Ce na Abubakar Imam ba. Labaransa gajeru ne, kowanne yana ƙarewa a darasi guda, ga dariya, ga Hausa mai tsabta. Ki sayi dukkan juzu'i ukun. Ki haɗa da Ruwan Bagaja, domin rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe yana sa yarinyar da ba ta son karatu ta roƙi a ci gaba. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo su ma suna tafiya da su sosai. Kada ki ce jarumta da tafiya sararin samaniya na maza ne, 'yan mata suna cinye su.

'Yan babbar sakandare su ne masu wuyar sha'ani, kuma a nan ne sharaɗin shugabarku yake damuna. Ina ganin dalilinta, ba na raina shi. Akwai littattafan da ni kaina ba zan bar 'yata ta taɓa ba. Sai dai in an ce "soyayya" kawai aka rufe ƙofa, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ma ya fita, alhali tun shekarun 1930 ake karanta shi a makarantu, kuma labarinsa kaf a kan saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa ne, da yadda ramuwar gayya ta cinye kowa. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980 bayan gasar da ya shirya, shi ma ya fita. Haka Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, labarin Abu, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu, ta koma karatu har ta zama abin alfahari. A makarantar 'yan mata, wane littafi ne ya fi wannan dacewa? Na karanta shi da 'yan aji biyar, kuma muhawarar da ta biyo baya ta fi kowace huɗuba da na taɓa yi musu kan muhimmancin ilimi. Waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu a aji ba ranar sun yi magana, domin kowacce ta san wata irin Abu a unguwarsu ko a danginsu.

An taɓa gwada hanyar hani da ƙarfi. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano a ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jihar, wato A Daidaita Sahu. Yara ba su daina karantawa ba. Yau ma abin ya koma waya: labarai na yawo a WhatsApp da Wattpad shafi-shafi, babu edita, babu babban da ya duba, wasu kuwa batsa ce tsagwaronta. Ɗakin karatunki shi ne wuri guda da yarinya za ta sami labarin so da aure da kishi wanda wani mai hankali ya riga ya karanta ya amince da shi. In kika hana ta a nan, can za ta koma lokacin hutu.

Saboda haka ƙa'idata ɗaya ce: ba na ɗora littafi a kan kantar ɗakin karatu sai na karanta shi daga farko har ƙarshe. Hoton bango da sunan marubuci ba sa isa, don marubuci ɗaya yana iya rubuta mai kyau bana, baɗi ya rubuta wanda bai dace da yara ba. Ina duba ko akwai bayanin shimfiɗa a fili, ko an mayar da duka da wulaƙancin mace abin burgewa, ko an nuna asiri da boka a matsayin hanyar cin nasara, ko an ci mutuncin wata ƙabila ko addini. In aikin ya yi miki yawa, ki raba wa malamai biyu ko uku, har da malamin addini. Wanda ya karanta littafi da idonsa ba ya tayar da rigima a kansa daga baya. Ki kai wa shugabarku littattafan da kansu, ba jerin sunaye ba.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi kyau a karanta shi a aji, domin batun bauta da tafiyar uwar Umar cikin hamada tana neman ɗanta suna bukatar malami a kusa, kuma yana haɗuwa da darasin tarihi. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan fasa-ƙwauri da cin hanci, ya dace da 'yan aji shida. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuwa akwai zubar da jini da yawa, ki karanta kafin ki yanke shawara. In za ki sa na Turanci, The Virtuous Woman na Zaynab Alkali da The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi suna da sauƙi, kuma a ƙasarmu labaransu suke.

Wasu littattafan kasuwar Kano labarinsu na da kyau amma ƙa'idojin rubutu sun lalace, a haɗe abin da ya kamata a raba, a bar ƙugiyar ƙ da ɗ. Ba na jefar da su don wannan. Nakan kwafi sakin layi ɗaya a allo mu gyara tare, abin da ke taimaka musu a jarrabawar WAEC da NECO.

In littafi yana da na ɗaya da na biyu da na uku, ki saye su rana guda, don in kika dawo neman cikon sau da yawa ya ƙare a kasuwa. Ki sa a ɗinke bayansu a yi musu bangon kwali kafin a fara aro, takardarsu ba ta jure hannu da yawa. Kada kuma ki kashe kuɗin duka yanzu. Ki ajiye kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ki buɗe rajistar aro, bayan zango ɗaya ki duba waɗanda suka fi fita, ki tambayi ɗaliban abin da suke so a ƙaro, sannan ki koma kasuwa da sauran.