Ku Tambayi Fita: Sabon kan inji na kwali, a ɗora ko a dakata?

TAMBAYA: Salam Masta, barka da aiki. Ni direban trotro (ƙaramar bas ta haya a Ghana) ne, Hyundai H100 nake ja daga Kejetia zuwa Ejisu. Motar ta yi zafi har kan injin ya tsage tsakanin bawul biyu (masu buɗewa da rufe hanyar iska da hayaƙi), fita na, wato makanikena, ya ce sai an canza. Na shiga Suame Magazine, kasuwar kayan mota da gareji ta Kumasi, na ga sabo dal a kwali, da bawul da sifirin duk a ɗaure, kuɗinsa ma bai kai na hom yus (na hannu da ake shigowa da shi daga waje) ba. Amma wani abokin aiki ya ce in yi hankali, shi ya ɗora irinsa bawul ya karye ya faɗa kan fistan. Dan Allah in saya ko in nemi hom yus? Mai mota ya matsa min lamba.
Daga wani direba, Aboabo, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Ka saya in kana so, amma kar ka yarda a fito da shi daga kwali a ɗora kai tsaye, sai an kwance shi tukuna.

Injin da ke cikin yawancin H100 ɗin nan D4BB ne, mai lita 2.6, asalinsa daga 4D56 na Mitsubishi, kuma kansa na alminiyam ne, shi ya sa ba ya jure zafi. Gangar jikin kan da ake kawowa sabo sau da yawa ba laifi, inda masu arha ke rage kuɗi shi ne ƙananan kayan ciki da mai saye ba ya dubawa, musamman bawul na fitar hayaƙi, wato na ɓangaren salansa. Na shigar iska yana shan sanyi duk lokacin da iska ta wuce ta kansa, shi kuwa na hayaƙi wuta ce ke bi ta jikinsa, zafinsa kan haura digiri 600 in mota ta ɗauki lodi tana hawan tudu, saboda haka kamfani na asali da ƙarfe na musamman yake yinsa, wani lokaci ma ƙarfe biyu ne, kai daban sanda daban aka haɗa su. To in ƙarfen bai da kyau ko haɗin bai kamu ba, nan wuyan yake tsinkewa, kuma a injin dizal tsakanin bawul da fistan ba wani fili, in ya faɗa fistan ya tafi, kan ya tafi, wani lokacin har bulok. Abin da ya samu abokinka ke nan, ba ƙarya ya yi maka ba.

Ka tsaya a gaban fita ya cire bawul ɗin duka takwas. Ku sa maganaɗisu a faffaɗan kan na hayaƙi, mai kyau yawanci ba ya kamawa ko ya kama kaɗan, in ya manne gam kamar na shigar iska to ka yi shakka. Ba hujja ce ta ƙarshe ba amma tana taimakawa. Sai a mayar da kowanne cikin gayid ɗinsa, wato ramin da sandar bawul ke bi, a girgiza da yatsa, in sabon abu yana rawa gefe da gefe mai zai riƙa bi ta nan, hayaƙi shuɗi ke nan. Bayan an yi garaindin, wato an goga bawul da wurin zamansa, an ɗaure, a kifa kan a zuba kananzir a kan bawul ɗin, a duba ramukan, in ka ga danshi ya biyo to bai zauna ba. Wannan zaman ba wasa ba ne, yawancin zafin bawul ta wurin zamansa yake fita.

Ni dai in motata ce, na hayaƙi guda huɗun nan zan cire in sa na asali, masu kwalin Hyundai Mobis, kamfanin kayan gyara na Hyundai, ka dai kula da kyau don kwalin ma ana buga na jabu. In tsofaffin naka ba su lanƙwashe ba, ba su ƙone ba, sun fi wasu sababbin ma. Ƙananan makullan da ke riƙe bawul da sifirin su ma a duba, abu kamar ƙwayar gyaɗa amma in ɗaya ya suɓuce aikin banza aka yi.

Hom yus kuwa ba na hana ka, sai dai shi ma wata motar ya gaji a kai, kar ka biya sai an gwada shi da matsin ruwa an ga ba tsagewa.

Sannan ka gaya wa mai mota gaskiya, in ba a gyara abin da ya kawo zafin ba sabon ma tsagewa zai yi. A wanke lagireto, a duba famfon ruwa da fanka, a mayar da tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, in an cire (fitocinmu da son cire shi!), a daina zuba ruwan famfo zalla don yana cin alminiyam. A sa sabon gaskit da taimin bel, a ɗaure kusoshin kan da sifana mai awo bi da bi, ba da ƙarfin damtse ba. Gibin bawul, wato tazarar da ake bari tsakaninsa da abin da ke danna shi, 0.25 mm ne in injin ya ɗumi, kuma bayan 'yan makonni kana aiki ka koma a sake aunawa, in ka ga gibin na hayaƙi yana ta raguwa to bawul na nutsewa ne, a buɗe tun bai faɗa ba.