Amsa: PCOS daga ma'ajiyar ƙwai kaɗai yake?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ma'ajiyar ƙwai ce kaɗai ke jawo miki gashin haɓa da ƙuraje a ciwon PCOS, wato rikicewar sinadaran jikin mace da ke dagula al'ada. A'a, wuri biyu ne. Mafi yawan sinadarin maza, wato testostiron, daga ma'ajiyar ƙwai yake fitowa, idan sinadarin LH (wanda ƙwaƙwalwa ke aika wa ma'ajiyar ƙwai) da insulin (mai daidaita sukarin jini) suka yi yawa suna matsa mata. Shi ke hana ƙwai nuna, al'ada ta riƙa tsallake wata. Amma ƙananan halittun adirinal da ke zaune a saman ƙoda su ma suna fitar da nasu sinadarin mazan, DHEAS, kuma kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na masu PCOS nasu yana hawa.

Don haka hoton mara kaɗai bai wadatar ba. Idan kin je Asibitin Malam Aminu Kano ko Murtala, ki roƙi likita ya haɗa gwajin testostiron, DHEAS da 17-OHP, wani sinadarin da adirinal ke fitarwa. Na ƙarshen da sassafe ake ɗibar jininsa, a kwanakin farko na al'ada, domin akwai ciwon adirinal na gado mai kama da PCOS, maganinsu kuma daban. In kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ki faɗa masa, tana ɓoye sakamako. In kuwa gashin ya fito a 'yan watanni, murya na kauri, don Allah kada ki jira, ki ga likita da wuri.